EDGAR WALLACE DA "HAUSAWANSA": YABON DA YA FI ZAGI CIWO

Ba kasafai akan ji sunan Edgar Wallace a ajin nazarin adabi ba, kuma wannan bai zama abin mamaki ba, domin ko a Ingila, ƙasarsa ta haihuwa, masana ba su taɓa sa shi cikin sahun manyan marubuta ba. Mai rubutun kasuwa ne, irin wanda akan karanta littafinsa a jirgin ƙasa a bar shi nan bisa kujera. Amma duk da haka akwai dalili babba da ya sa ya kamata ɗalibin Hausa ya san shi. A cikin jerin ƙagaggun labaransa na Afirka ya dasa wa ɗimbin Turawa wata siffa ta Bahaushe a zuci, siffar da in ba a yi hankali ba Bahaushen kansa sai ya karɓe ta a bakin yabo. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan yabo reshe ne na wariyar launin fata, kuma da wuya a sami wurin da ya fi dacewa a tsaya a dube shi kamar Illela, garin nan na bakin iyakar Nijeriya da Nijar a Jihar Sakkwato, inda ƙasar kanta take ba da shaida a kan abin da Wallace ya rufe.

An haife shi a Greenwich, wata unguwa ta birnin Landan, cikin 1875. Uwarsa 'yar wasan kwaikwayo ce marar abin hannu, wadda ta ba da shi riƙo ga iyalin wani ɗan dako na kasuwar kifi ta Billingsgate. Yana da shekara 12 ya bar makaranta, ya yi tallar jarida a titi, daga baya ya shiga soja aka kai shi Afirka ta Kudu cikin 1896. A can ne ya kama aikin jarida, yana aika wa kamfanin dillancin labarai na Reuters da jaridar Daily Mail labarin yaƙin Boer. Cikin 1907 sai Daily Mail ta tura shi Kwango don ya binciko ta'asar da ma'aikatan Sarki Leopold na Beljiyam suke yi wa mutanen ƙasar a kan harajin roba, ta'asar da ta kai har ga yanke hannuwa. A nan ne abin takaicin yake. Mutumin da aka aika ya gano zaluncin mulkin mallaka, da ya komo gida abin da ya fi fitowa daga alƙalaminsa shi ne labarai masu cewa mulkin Bature rahama ne ga baƙar fata, muddin dai Baturen ɗan Ingila ne. Labaran sun fara fita a mujalla cikin 1909, aka tara su aka buga littafi mai suna Sanders of the River, watau Sanders na Kogi, cikin 1911. Wasu suka biyo baya, kamar Bosambo of the River na 1914 da Bones na 1915, haka dai har zuwa 1928.

Wallace ba ya zama ya yi ta gyara da gogewa. Shifta yake yi ga na'urar ɗaukar murya, akawu ya buga, kuma an san shi da gama littafi guda cikin 'yan kwanaki. Ya bar ƙagaggun littattafai fiye da 170, an kuwa yi finafinai fiye da 160 daga ayyukansa. Ya shugabanci kamfanin finafinai na British Lion, sa'an nan a ƙarshen 1931 ya tafi Hollywood aiki da kamfanin RKO, inda ya rubuta zubin farko na labarin King Kong, fim ɗin nan da aka nuna baƙaƙen wani tsibiri suna miƙa mata hadaya ga ƙaton gwaggon biri. Bai ga fitowarsa ba, don ya rasu a watan Fabrairu na 1932, ya bar bashi mai yawa saboda almubazzaranci da cacar sukuwa.

Idan aka yi zancen marubuci mai wariyar launin fata wanda ya yi tasiri a kan silima tun tana jaririya, sunan da akan fara kawowa shi ne na Thomas Dixon, Ba'amurken da D. W. Griffith ya ɗauki littafinsa The Clansman na 1905 ya mai da shi fim ɗin The Birth of a Nation cikin 1915, fim ɗin da ya taimaka wajen ta da ƙungiyar Ku Klux Klan daga kabari a wannan shekarar. To, amma ƙiyayyar Dixon a fili take, ko yaro ya gane ta. Ta Wallace ta fi wuyar kamawa, domin da raha ta zo, da dariya, da alamar ƙauna irin wadda maigida yake yi wa baransa.

Zubin labaran kusan iri ɗaya ne. Akwai wani babban kogi, akwai ƙabilu da ya ba su sunaye irin su Ochori da Akasava da Isisi, akwai kuma Kwamishina Sanders, wanda mutanen kogin suke kira Sandi. Shi kaɗai ne mai hankali cikakke a duk faɗin ƙasar. Yana da jirgin ruwa mai suna Zaire wanda aka ɗora wa bindiga mai ruwa, yana naɗa sarki ya tuɓe sarki, yana sa a yi bulala, in ta kama ya rataye mutum a bisa itace, kuma marubucin yana kawo wannan duka a matsayin horon uba ga 'ya'yan da ba su da wayo. Sarkin kirki a wurinsa shi ne Bosambo, wani ɗan fursuna da ya gudo daga Laberiya ya mai da kansa sarkin Ochori da dabara. Sanders ya san maƙaryaci ne, amma ya bar shi a kan gadon saboda yana da biyayya. Duk wanda ya san yadda aka tuɓe sarakuna aka naɗa wasu a ƙasar Hausa daga 1903 ba zai rasa gane wannan hoto ba.

To, ina Bahaushe a cikin wannan duniya? Yana nan tsaye a bayan Sanders, da jar dara a ka, da bindiga a kafaɗa. Sojojin da Kwamishina yake murƙushe ƙabilun kogi da su Wallace yana kiransu "Houssas". Hafsansu Bature ne, Kyaftin Hamilton, tare da wani saurayin laftana mai wauta da ake yi wa laƙabi da Bones, sa'an nan akwai wani saje mai suna Abiboo, wanda ba shakka Habibu ne kunnen Bature ya ji haka. Waɗannan Hausawa Musulmi ne, jarumawa ne, ba su da tsoro, ba su cin amanar ubangidansu, kuma suna kallon mutanen kogin a matsayin arna marasa daraja. Mai karatu Bahaushe, musamman matashi, yana iya jin wani ɗan daɗi a ransa, ya ce ashe ko Bature ya san an fi wasu. Nan ne tarkon yake.

Da farko dai, ba daga kansa Wallace ya ƙago waɗannan sojoji ba. Cikin 1863 John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, yawancinta bayi ne masu jin Hausa da suka gudo daga iyayengijinsu, aka riƙa kiranta Hausawan Glover. An yi amfani da irinsu a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma Leopold kansa ya ɗebi Hausawa daga gaɓar Afirka ta Yamma ya sa su cikin rundunarsa ta Kwango tun farkon kafa ta. A hankali kalmar "Hausa" a bakin Bature ta koma kusan daidai da "soja", ko da kuwa mutumin Babarbare ne ko Bazabarme ko Banufe, kuma harshen da ake ba da umurni da shi a bariki shi ne ya haifi abin da ake kira Barikanci. Ashe ke nan al'ummar da ta yi ƙarnuka tana rubutu da ajami, tana saƙa da rini da jima, tana fatauci daga Gwanja har Tarabulus, abin da ya rage mata a idon mai karatun Wallace shi ne ta ƙame ta sara, ta ɗana kunama in an ce ta ɗana. Saje Habibu ba shi da wani labari nasa na kansa wanda bai rataya ga hidimar Sanders ba. An yaba masa ne kamar yadda maharbi yake yaba wa karensa.

Daɗa kuma wannan fifiko da aka ba shi a kan mutanen kogi ba kyauta ba ce. Tsani ne aka kafa, Bature a can bisa, Musulmin Arewa a tsakiya, mutanen kurmi a ƙasa, kuma wanda ya yarda da matakinsa na tsakiya ya riga ya yarda da na wanda yake bisa kansa. Ba Wallace kaɗai yake da wannan ra'ayi ba. Flora Shaw, matar Lugga, wadda ita ce ta ba da shawarar sunan Nijeriya cikin 1897, ta rubuta littafi cikin 1905 mai suna A Tropical Dependency, inda ta yaba wa daulolin Sudan ƙwarai da gaske, amma ta danganta ci-gabansu ga cuɗanya da jinin mutanen arewacin Sahara, watau gwargwadon nisan mutum daga baƙar fata tsantsa, gwargwadon darajarsa. Abin da Shaw ta faɗa wa masu ilmi da harshen tarihi, shi ne Wallace ya faɗa wa talakan Ingila da harshen tatsuniya, kuma nasa ya fi nisan zango.

Fim ɗin ya fito cikin 1935, shekara uku bayan mutuwarsa. Alexander Korda ne ya shirya shi, ƙanensa Zoltan Korda ya ba da umurni. Ko da yake kogin Wallace daga Kwango ya samo shi, masu fim ɗin sai suka ce a Nijeriya abin ya faru. Leslie Banks ya fito a Sanders, shahararren mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, Paul Robeson, ya fito a Bosambo, kuma cikin 'yan wasan akwai ɗan Nijeriya Orlando Martins, da Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya, a lokacin yana zaune a Landan. Jigon a taƙaice yake: Sanders ya tafi hutu, masu fasa-ƙwaurin bindiga da giya suka baza ji-ta-ji-ta cewa ya mutu, nan take ƙasa ta rikice da yaƙi da kamun bayi, sai da ya komo da jirginsa da bindiga mai ruwa aka sami lafiya. Ma'anar ba ta bukatar sharhi, musamman ga mai kallo a lokacin da 'yan Afirka suka fara maganar mulkin kai. Robeson ya shiga aikin ne da zaton za a nuna al'adu da waƙoƙin Afirka da mutunci, da ya ga yadda aka harhaɗa shi a ƙarshe sai ya barranta da shi a bainar jama'a. Wannan bai hana fim ɗin ciniki ba, har ma aka sake ɗaukar labarin Sanders cikin 1963 da 1965, bayan Nijeriya ta sami 'yancin kai.

Yana da kyau a lura cewa tunanin da ya haifi Sanders shi ne kuma ya haifi majigi. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Ikko wanda aka ba shugabancin sashen finafinai na ƙasashen mallakar Ingila cikin 1939, ya shimfiɗa ƙa'ida cewa fim ɗin da za a nuna wa ɗan Afirka dole ya kasance mai tafiya a hankali, marar dabarun hoto, wai don kada ya ruɗe. Ga Bature a Landan an nuna baƙar fata a matsayin yaro, ga baƙar fata a dandalin ƙofar fada an yi masa fim irin na yara.

Yanzu sai a koma Illela. Wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Kware da Gwadabawa, in ya iso Illela 'yan kilomitoci kaɗan suka rage masa ya shiga Birnin Ƙwanni. Harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya, kasuwa kusan ɗaya, ga shanu da raƙuma suna gangarowa daga arewa, ga hatsi da kayan masarufi suna haurawa. Layin da ya raba su a teburin Turai aka ja shi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, wanda ya sa Ƙwanni a rabon Ingila. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da ruwa, sai aka sake zama cikin 1904 da 1906 aka matso da layin kudu, Ƙwanni ta koma rabonsu. Babu Baƙwanne ko ɗaya da aka tambaya. Har yanzu mutanen wurin suna biyan kuɗin wannan zane, kamar yadda aka gani lokacin da aka rufe iyakar daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Amma abin da ya fi wannan nauyi shi ne abin da ya auku a Ƙwanni a watan Mayu na 1899. Rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi, ta auka wa birnin, ta ƙone shi, ta kashe mutane ɗaruruwa, wasu ma suna cewa dubbai, ta kwashi mata. Hafsoshin farare ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Waɗanda suka riƙe bindigogin baƙaƙe ne da aka ɗebo daga yamma, watau Habibun Faransa ke nan. Ta'asar ta yi yawa har gwamnatin Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsai da su, suka harbe shi ran 14 ga Yuli kusa da Tasawa, kuma cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu suka kashe su duka biyu. Ga Sanders na gaskiya, in an cire masa kwalliyar marubuci: mutum da bindiga mai ruwa, nesa da mai tsawata masa, wanda ya gaskata cewa waɗanda ke gabansa ba cikakkun mutane ba ne.

Mai kare Wallace zai ce ai waɗannan Faransawa ne, shi kuwa Ingilishi yake yabo, kuma wannan ita ce hujjar da ya dogara a kanta tun daga Kwango. Amsar tana kudu da birnin Sakkwato kaɗan, a Satiru. Shekara uku bayan an ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, talakawan Satiru suka yi bore a watan Fabrairu na 1906, cikin jagororinsu har da wani malami makaho da ya ƙetaro daga ɓangaren Faransa, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. A watan Maris aka aiko runduna ta shafe garin daga doron ƙasa, aka kashe kimanin mutum 2000, yawancinsu da fartanya da gatari suka fito. Su wane ne suka harba? Dakarun rundunar da Lugga ya kafa, waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu. Shekara uku bayan wannan Wallace ya fara sayar wa mujalla labaran amintattun "Houssas". A labaransa bakin bindigarsu yana duban wasu arna na can wani kogi, alhali kuwa a Giginya da Burmi da Satiru masu jin Hausa ta duba.

Ba a zauna shiru ba, ko da yake amsar ta yi jinkiri. A daidai shekarun da ake shirya fim ɗin Sanders ne aka yi gasar rubutu ta 1933 a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya cancanci a karanta shi kafaɗa da kafaɗa da Wallace, domin tauraronsa ya yaƙi Nasara da takobi, yana da baki, yana da kirari, ko da yake a ƙarshe littafin ya sassauta ya yaba wa sabon zamani, abin da ba zai ba da mamaki ba in aka tuna wanda ya shirya gasar kuma ya buga littafin. Daga ƙetaren iyaka kuma Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia cikin 1980, labarin Sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa wadda ta tari rundunar Voulet a watan Afrilu na 1899, makonni kaɗan kafin a ƙone Ƙwanni. Med Hondo ya mai da shi fim cikin 1986, a Burkina Faso aka ɗauka, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu cikin 1987. Shi ma Mamani ba a ce a haɗiye shi ba tauna ba, don ya ƙara gishiri, kuma hoton da ya ba Musulmin Sakkwato a littafin abin a zauna a yi muhawara ne. Amma aƙalla a wurinsa mutanen ƙasar su ne masu labarin.

Akwai masu ganin littattafai irin na Wallace a bar su su ruɓe a inda suke. Wannan ra'ayi yana da rauni, domin zubin bai mutu tare da mai shi ba. Duk lokacin da wasan kwaikwayo ko fim na Hausa ya kawo Bagwari ko Bamaguje ko Bafillatanin daji don a yi dariyar wautarsa kawai, ɗan birni mai boko kuma ya zo ya warware matsala, tsanin nan ne aka sake kafawa, sai dai an canja wanda yake tsaye a bisa. Ɗalibin da bai taɓa ganin tsanin a hannun Bature ba da wuya ya gane shi a hannun ɗan'uwansa. Saboda haka ya kamata Sashe ya sa Sanders of the River, littafin da fim ɗin, cikin darasin kwatanta adabi, a gefen Ganɗoki da Sarraounia, a bar ɗalibai su fitar da jigo da taurari da kansu.

Sa'an nan akwai aikin da ya fi wannan gaggawa. Cikin 2020 wani Bature mai suna Rob Lemkin ya fitar da fim mai suna African Apocalypse, wanda ya bi sawun Voulet ƙauye ƙauye, kuma abin da ya ba fim ɗin ƙarfi shi ne bakin jikokin waɗanda abin ya shafa, da Hausa suke ba da labarin kakanninsu. Waɗannan mutane maƙwabtan Illela ne, wasunsu ma dangin ɗaliban da ke zaune a ajin Hausa ne. Kowace shekara ana rubuta kundayen neman digiri a kan camfi da bukukuwa da waƙoƙin makaɗa, kuma babu laifi a ciki. Amma ɗalibi ɗan Illela ko Gada ko Gwadabawa yana iya ɗaukar rikoda ya tsallaka Ƙwanni da safe ya komo da yamma, ya rubuto abin da tsofaffi suka ji daga iyayensu game da ranar da aka ƙone birnin, da waƙoƙi da karin maganar da abin ya bari. Wani kuma ya nemi zuriyar tsofaffin sojan Turawa a unguwannin bariki na Sakkwato da Zariya da Kano, ya tambayo yadda kakanninsu suka shiga aikin, ko bauta ce ta koro su, ko yunwa, ko neman suna, da abin da suka riƙa faɗa wa 'ya'yansu game da Satiru bayan sun tuɓe kaki.